Bargon ƙyallayen da na haɗa yana kashe ido, ina na kuskure?

Maman Ikram (Pantami): Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da hantsi. Don Allah masu ɗinki a cikinmu ku zo ku cece ni. Tun bayan babbar sallah nake tara ƙyallaye, nawa da na yara da wanda maƙwabciyata tela take sharewa ta zubar, har na cika jakar bakko guda. Na ce bari in haɗa wa yara bargo kafin hunturu ya shigo, don su uku bargo ɗaya suke ja, kullum da asuba sai an kawo min ƙarar wanda aka yaye. Sati uku ina yanka ina haɗawa da daddare in sun yi barci. Jiya na shimfiɗa abin da na haɗa a kan gado, wallahi ni da na ɗinka sai da na kau da kai. Baban Ikram ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wannan kuma tutar wace ƙasa ce?" Ga hoton nan na saka. Kowane ƙyalle in ka ɗaga shi shi kaɗai kyakkyawa ne, akwai ma ragowar atamfar lefena a ciki, amma da suka haɗu sai ka ce Babbar Kasuwa ranar jajibirin sallah. In farke ne ko in rufe ido in ƙarasa?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Maman Ikram ki yafe min, na yi dariya har na tashi 'yan biyu. Amma fa kin yi ƙoƙari, ni ko maɓalli ya cire sai na kai wa tela.

Amaryar Bolari: Anti ni a ganina launukan ne suka yi yawa. Waɗanda nake gani a Instagram launi biyu suke ɗauka, kamar fari da shuɗi, shi ke nan. Ki zaɓi biyu ki zubar da sauran.

Maman Ikram (Pantami): Amarya in na zaɓi biyu ai sai dai in ɗinka hular jariri. Ƙyalle ne fa, ba turmi na sayo ba.

Adda Mai Keke (Jekadafari): Kar ki farke tukuna, kuma kar ki zubar da komai. Na buɗe hoton na ƙara girmansa na duba sosai. Yawan launi ba shi ya ɓata miki aiki ba. Na taɓa haɗa zanin gado da atamfa ta fi kala talatin kuma ya zauna lafiya. Abin da ya faru, duk ƙyallayenki ƙarfinsu ɗaya ne. Ja mai ƙarfi, kore mai ƙarfi, ruwan ɗorawa mai ƙarfi, ruwan goro mai ƙarfi, kowanne da manyan furanni, kowanne yana ihu a kalle shi. Ido bai samu inda zai sauka ya huta ba.

Atamfa kamar kishiyoyi take. Kowacce kyakkyawa, amma in ka zuba su ɗaki ɗaya ba labule ba katanga, to ka shirya rabon faɗa. Sai an ba kowacce ɗakinta.

Ga abin da za ki yi yau. Ki zazzage jakar a kan tabarma a tsakar gida, da rana, ba da fitilar waya ba. Ki manta da sunan launi gaba ɗaya, kar ki ce wannan ja ne wannan shuɗi ne. Ki kasa su kashi uku: masu haske, masu duhu, da na tsaka-tsaki. In wani ya rikita ki, ki ɗauki hoton tsibin da wayarki, ki shiga wurin gyaran hoto ki mayar da shi baƙi da fari irin hoton da. Nan take za ki ga gaskiyarsu. Ki gwada da wannan hoton da kika turo mana ma ki gani.

Maman Ikram (Pantami): Innalillahi. Adda na gwada. Duk ya koma ruwan toka iri ɗaya kamar an shafe siminti, ko layin ɗinkin ba na ganewa. Ja da koren da nake ganin sun sha bamban ashe a hoton abu ɗaya ne.

Adda Mai Keke (Jekadafari): To kin ga ciwon. Yawancin atamfofinmu a tsakiya suke zama, ba su yi haske ba ba su yi duhu ba. Shi ya sa wadda ta tara ƙyallen telan mata kaɗai take shan wannan wahalar. Abin da babu a jakarki shi ne yadi mara zane, mai sanyin launi: ruwan madara, ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu, ruwan hanta. Wannan kuwa a shagon telan maza yake, ragowar yadin kaftani da shadda.

Hamma Tela (Tsohuwar Kasuwa): An taɓo mu. Gaskiyar Adda ne, mu ƙarƙashin teburinmu ba abin da ya fi yawa irin ruwan toka da ruwan madara da shuɗi. Daga tsakiyar azumi zuwa daren sallah sai mu share buhu-buhu, yara su kwashe su kai bola ko a cusa a filo. In za ki turo yaro zan tara miki. Amma ki ce masa na auduga kike so. Yadin maza na yanzu da yawa roba ce a ciki, santsi gare shi, in kika haɗa shi da atamfa ranar wankin farko atamfar za ta ɗan shige shi kuma yana nan yadda yake, sai wurin ɗinkin ya tattare kamar bakin jaka. Yadda za ki gane, ki yanki ɗan siriri ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Mai roba narkewa yake ya dunƙule ya yi ƙwallo mai tauri, da warin leda.

Malama Ummu Sadiq: Kafin a yi nisa ina da tambaya ga Hamma, kuma ba da wata manufa ba. Wannan ragowar da za a tara, ta waye? Mutum ya sayo yadinsa da kuɗinsa ya kawo ɗinki, abin da ya ragu ai nasa ne. Kar mu je muna rufe yara da haƙƙin mutane.

Hamma Tela (Tsohuwar Kasuwa): Malama tambayarki a kan hanya take, kuma ta daɗe tana haɗa mu faɗa da masu kaya. Ni yadda nake yi, duk abin da ya kai a fitar da hula ko aljihu ko wandon yaro, ninke shi nake in saka a ledar mai shi. Wanda nake magana a kai shi ne abin da almakashi ya zubar wajen fitar da wuya da hammata, wanda in ka ba mai kayan ma zai ce me zan yi da shi. Ban ce duk teloli haka suke yi ba. Na san waɗanda mutum zai kawo yadi biyar su fitar da rigar ɗansu a ciki, wannan kam sunansa daban.

Malama Ummu Sadiq: To madalla. Abin da aka saba yafewa a al'ada, wanda mai shi ba ya waiwaya, malamai sun sauƙaƙa a kansa. Amma babba sai da izini. Kuma mafi kwanciyar hankali a tambaya lokacin karɓar ɗinkin, kalma ɗaya ce.

Uwar Biyu: Ni fa ba haƙƙin ne ma ya dame ni ba. Akwai matan da ko zaren kayansu ba sa bari a wurin tela, tsoron kar a kai wa boka. Wata 'yar uwarmu har tsintsiya take karɓa ta share ƙasan keken da kanta ta ƙulle a leda. Ranar da ta ga atamfar ankonta a jikin bargon wani gida ai sai an kira mai unguwa.

Amaryar Bolari: Atamfar anko kuwa ai mutum ɗari ne suka saka, ta ina za ta gane tata ce?

Uwar Biyu: Ba ki san ta ba ne Amarya.

Goggon Kumo: Sannunku yara. Jikata ce take karanta min tana rubuta abin da na ce. Ni duk wannan lissafin na haske da duhu ban san shi ba. Mu da muka taso, zani in ya tsufa ba a yar da shi. Sai a samu uku ko huɗu a jera wani kan wani, a zauna da allura da zare bayan la'asar a bi shi layi-layi, inda ya huje a ɗora wani ƙyalle a kai, ko wane iri ne. Shi ne shimfiɗar jariri, shi ne abin rufar yara. Wanda yake da hali ya sayi gwado wurin masaƙa, lokacin audugar ƙasar Gombe tana da yawa har ana lodinta a jirgin ƙasa. Ba wanda ya taɓa cewa ja ya yi faɗa da kore. Yaro dai ya ji ɗumi. Ki ƙarasa abinki 'yata, mijinki in sanyi ya kama shi da kansa zai jawo tutar.

Maman Ikram (Pantami): Goggo Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan magana ta ƙarshe sai na karanta masa.

Adda Mai Keke (Jekadafari): Goggo ina gaisuwa, kuma ba musu nake da ku ba. Amma ku tuna zannuwan da kuke jerawa sun sha wanki da rana shekara da shekaru, duk sun koɗe sun yi laushi, launinsu ya kwanta. Tsofaffin zannuwa ko guda goma aka haɗa ba sa faɗa, sun riga sun gaji. Nata sababbi ne fil daga bakin almakashi, kowanne da ƙuruciyarsa.

Goggon Kumo: Wannan kuma haka ne. Har mutane ma haka suke.

Maman Ikram (Pantami): To Adda yanzu wanda na riga na haɗa fa? Ya kai rabin katifa. Wallahi in na ce zan farke shi ɗaya bayan ɗaya da reza kuka zan yi.

Adda Mai Keke (Jekadafari): Ba duka za ki farke ba. Ki bar su huɗu-huɗu a haɗe, biyu sama biyu ƙasa, ki farke layukan da ke tsakanin kowane huɗu da na kusa da shi. Sai ki yanko dogayen ratsi na yadi mara zane, launi ɗaya tak, faɗin inci 3, ki zagaye kowane huɗu da shi. Katangar da na ce kenan. Ratsin zai ƙara miki girman bargon ma, kin ga riba biyu. Da irin launukanki ni shuɗi mai duhu zan saka, ko ruwan toka mai duhu. Duhu yana sa ja da ruwan ɗorawa su fito kamar fitila, kuma ya danne hayaniyar.

Amaryar Bolari: Fari ai ya fi kyau Adda. Zai yi kamar na kanti.

Maman Walid (Bauchi): Amarya ba ki haihu ba tukuna shi ya sa. Fari, a gadon yara uku, a cikin ƙurar hunturu? Kwana biyu zai koma ruwan ƙasa da kansa. Ga fitsarin kwance, ga man kaɗanya da ake shafe su da shi da daddare. Kuma fari shi ne farkon wanda zai sha jinin atamfa in ta zuba. Ni na ga wannan da idona. Na haɗa wa Walid nasa da farin yadi a tsakani, akwai wata jar atamfa mai araha da na saya a kasuwar Wunti na saka ragowarta guda shida kacal a ciki. Wankin farko na jiƙa shi a baho na tafi ɗora girki, na dawo na tarar da ruwan kamar an yanka kaza. Farin nan duk ya koma ruwan hoda, ba ma iri ɗaya ba, dabbare-dabbare. Yau shekara uku yana nan a haka.

Maman Ikram (Pantami): Na shiga uku. Ni fa ban wanke ko ɗaya ba kafin in yanka.

Uwar Biyu: A jiƙa da gishiri ai, yana kama launi. Haka muka taso muna gani.

Maman Walid (Bauchi): Na zuba gishiri har da kanwa wata ta ce in gwada, ba abin da ya hana. Atamfar da za ta zuba sai ta zuba, sai dai a yi ta wanke ta ita kaɗai har ruwan ya fita fari.

Adda Mai Keke (Jekadafari): Ni ma ban ga amfanin gishirin ba a kan atamfar kanti. Maman Ikram kwantar da hankalinki, ba duka ne suke zuba ba. Ki samu farin tsumma ki jiƙa shi da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ki goga a kan kowane ƙyallen da kike zargi, musamman ja, ruwan hanta, baƙi, da duk wata shadda da aka rina. In tsumman ya ɗauki launi, wannan ƙyallen ki cire shi ko da ya riga ya shiga ɗinki, gara ki farke guda biyar da ki rasa bargo. Sauran na cikin jaka kuwa ki wanke su tun yanzu, masu duhu daban masu haske daban. Ƙanana ki zuba su cikin rigar filo ki ɗaure bakin kafin ki cuɗa, in ba haka ba gefensu zai zare su harɗe da juna. In sun sha iska ki goge su kafin ki sa almakashi. Ƙyallen da ba a goge ba ƙarya yake yi wa tef.

Kuma na lura a hoton kusurwoyinki ba sa haɗuwa, wani ya fi wani. Da ido kika yanka ko?

Maman Ikram (Pantami): Da ido, wani lokacin da tafin hannu.

Adda Mai Keke (Jekadafari): Ki samu kwalin taliya ko na sabulu ki yanka murabba'i inci 6 ta kowane gefe, ki auna da tef sau biyu. Shi za ki riƙa ɗorawa kina zagayewa da alli. In kina cin rabin inci a kowane ɗinki, kowane ƙyalle zai tsaya a inci 5. Turawa kwatan inci suke bari, amma ni ga bargon yara da zai sha wanki da ja-in-ja na fi son rabi. Yanzu lissafi, ga duk mai son farawa daga farko. Katifa mai ƙafa huɗu da rabi, faɗinta inci 54 ne, tsawonta 72. Bargo mai inci 60 da 80 zai rufe ta da ɗan saura. Kenan ƙyalle 12 a faɗi, 16 a tsawo, jimla 192. In za ki yi ɗaya mai zane ɗaya mara zane kamar gidan dara, 96 kowanne. In ma sayen mara zanen za ki yi, yadi biyu da rabi ya ishe ki. Ki fara haɗa layi-layi, ki goge bakin ɗinkin layi na farko ya kwanta dama, na biyu ya kwanta hagu, to in kin zo haɗa su za su shige juna, kusurwa ta hau kusurwa, kuma allura ba za ta haɗu da tudu ba.

Hamma Tela (Tsohuwar Kasuwa): Ƙari a kan na Adda, ki yanka bisa tsayin zaren yadin, kar ki ɗora kwalin a karkace don ki ci ƙyalle. Wanda aka yanka a karkace miƙewa yake a ƙarƙashin keke. Allura lamba 14 ta isa atamfa da atamfa. In kin zo haɗa shi da ciki da baya ki koma 16.

Ɗalibar Kashere: Ina ta karantawa ina jin daɗi. Goggo, abin da kuka ce kuna yi da tsofaffin zannuwa, a Bangaladash da gabashin Indiya ma haka mata suke yi da tsofaffin sari, su jera su su bi da ƙananan ɗinki, sunansa kantha, yanzu har ƙasashen waje ake sayar da shi. A Amurka kuma akwai wani ƙauye na baƙaƙen fata a jihar Alabama, Gee's Bend, matan wurin jikokin bayi ne, talauci ya sa suke haɗa bargo da tsofaffin wandunan aikin gona da buhuna. A 2002 aka baje bargunansu a gidan adana zane-zane na Houston, daga nan aka kai New York, a 2006 har kan sarki aka buga da hotonsu. Kuma Adda ki yi haƙuri, nasu kusurwa ba ta hawa kusurwa, a karkace suke, kuma abin da ya burge masana kenan.

Goggon Kumo: Ikon Allah. Ashe da mun adana tsummokaranmu da yanzu muna Amurka.

Adda Mai Keke (Jekadafari): Na ga hotunansu ƙanwata. Ki sake dubawa da kyau, layinsu ne a karkace, idonsu ba a karkace yake ba. Za ki ga shuɗin wando mai duhu shimfiɗe da yawa, sai ja ɗan kaɗan a gefe guda, sai fari. Sun san inda za su sa mai ƙarfi da inda za su bar wuri ya huta. Wadda ta iya ta karkata da gangan daban, wadda almakashi ya kufce mata daban.

Maman Ikram (Pantami): Adda ai sai ki kira sunana kawai.

Malama Ummu Sadiq: Tunda an zo nan bari in faɗi wani abu, don na san akwai masu jin kunyar a ga irin wannan a ɗakinsu, kar dangin miji su ce talauci ya kama su. Faci ba abin kunya ba ne. Littattafan tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar yana halifa yana sa tufafi mai faci. A Sudan mabiya Mahadi jibba mai faci-faci ce alamarsu, a Senegal ma 'yan Baye Fall har yau da rigar haɗe-haɗen ƙyalle aka san su.

Amaryar Bolari: Malama ni kam gaskiya ba zan shimfiɗa a gadona ba, ƙawaye suna zuwa ganin ɗaki. Amma na yara ko na falo a ƙasa zan iya.

Uwar Biyu: Ki bari shekara biyu Amarya, za mu tambaye ki ina zannuwan gadon kantin suke.

Maman Walid (Bauchi): Ba a yi maganar abin da za a sa a ciki ba. Ko da yake ku mutanen Gombe wane sanyi gare ku? Tun da aka yanke ku daga jikinmu a 1996 kuka tafi da zafin kuka bar mana sanyin. Ku zo Toro ko Tilden Fulani a watan Janairu ku ga yadda ruwan randa yake cizo.

Hamma Tela (Tsohuwar Kasuwa): Hajiya a yi mana adalci, mu ma muna samun sati shida masu kyau.

Maman Walid (Bauchi): To na sati shida, kar ta cika masa nauyi. Ni tsohon bargo nake sawa a tsakiya, irin mara kauri ɗin nan da ya fara tsufa, ko a samo a gwanjo a wanke shi tas. Baya kuma zanin gado guda, don atamfa faɗinta bai kai inci 60 ba sai an yi mata haɗi. Soso kar ki soma. Na gwada siririn soso, in aka wanke kwana biyu bai bushe ba, bayan shekara ya fara marmashewa a ciki kamar garin kwaki. Audugar rimi kuma ta filo ce, a bargo tattaruwa take gefe guda.

Maman Ikram (Pantami): Keken nawa Butterfly ne na ƙafa, na gadon kakata. Zai iya cin hawa uku?

Adda Mai Keke (Jekadafari): Gefe-gefe zai ci. Tsakiya ne wahala, don duk bargon sai ya bi ta ƙarƙashin hannun keken, kuma na sama yana tafiya na ƙasa yana tsayawa, ki ƙare da tattara. Ki yi na hannu. Ki share ɗaki ki shimfiɗa bayan a ƙasa fuskarsa na kallon ƙasa, ki ja shi ya miƙe ki danne kusurwoyin da wani abu mai nauyi, ki ɗora na tsakiya, ki ɗora na sama. Ki samu babbar allura da zaren ulu irin na saƙar hular jarirai. A kowace mahaɗar kusurwa ki soka ƙasa ki dawo sama ki ƙulla sau biyu ki yanke, ki bar ɗan gashi kamar rabin inci. Daga tsakiya za ki fara kina fita waje, tazarar kada ta wuce tafin hannu. Yini ɗaya ya isa in kin samu mai taya ki. Sannan ki naɗo bayan ya hau kan gaba ki kalmashe ki bi da keke.

Maman Nana (Tudun Wada): Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen. Tun safe nake karantawa ban yi niyyar magana ba. Innarmu ta rasu bara da azumi. Zannuwanta suna cikin akwatinta na ƙarfe a ɗakina, ban iya ɗaurawa ba, ban iya bayarwa ba. In na buɗe har yanzu ƙamshin turaren wutarta ne yake fitowa. Akwai wani mai ruwan ganye da ta fi so, gefensa ɗaya ya yi laushi ya kusa hujewa daidai inda take ƙulle kuɗin cefane. Da na ga wannan hirar sai na ji ina son in haɗa su bargo in riƙa rufa. Amma hannuna ya kasa ɗaukar almakashi a kansu.

Malama Ummu Sadiq: Allah ya jiƙan Inna ya sa Aljanna ce makomarta. 'Yar uwa, abu ɗaya kawai, tufafin mamaci suna cikin gado. In an riga an raba sun zo rabonki, ko sauran magada sun yafe miki, to naki ne ki yi yadda kike so.

Maman Nana (Tudun Wada): Amin Malama. An raba, yayyena maza suka ce mu mata mu ɗauka, ƙanwata kuma ta bar min.

Goggon Kumo: Allah ya gafarta mata. 'Yata ke ba sai kin yanka ba. Ki yi irin namu na da. Ki jera su ɗaya kan ɗaya yadda suke, wanda ta fi so ya zama na sama, ki bi da allura a hankali, kullum layi biyu ko uku bayan la'asar. Wurin ƙullin kuɗin kar ki rufe shi da komai, ki sa masa ƙyalle ta ciki ya riƙe shi. In zannuwan sun kai shida ki raba biyu ki yi wa ƙanwarki nata.

Maman Nana (Tudun Wada): Bakwai ne Goggo. Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan kira ta yau.

Adda Mai Keke (Jekadafari): Amin. A nan ba ni da abin ƙarawa a kan na Goggo, sai dai ki sa zaren auduga.

Maman Ikram (Pantami): Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Ga sabon hoto. Hamma ya cika alkawari, Allah ya ƙara kasuwa, Ikram ta je ta karɓo leda biyu. Shuɗin mai duhu bai isa ratsin duka ba, sai na sayi yadi ɗaya na cika, bai zo iri ɗaya sak ba amma sai an ƙura ido. Gwajin farin tsumma ya kama min ɓarayi bakwai, shida jajaye ɗaya baƙi, kuma abin haushi atamfar lefen tawa tana ciki. Na cire ta na yi ta wanki har sau biyar kafin ruwan ya washe, na mayar da ita guda ɗaya a tsakiya. Masu ruwan ɗorawa na warwatsa su kamar yadda hoton baƙi da fari ya nuna, don da duk sun taru a kusurwa ɗaya. Ƙullin ulun ni da maƙwabciyata muka yi shi ranar Asabar, yatsana har yanzu yana zafi.

Amaryar Bolari: Kai Anti! Wannan shi ne na ranar? To na janye maganar fari.

Adda Mai Keke (Jekadafari): Ma sha Allah, ya zauna. Kusurwar hagu ta ƙasa ta ɗan ja, kin miƙar da yadin wajen kalmasa, amma wanki ɗaya zai daidaita shi. Na gaba ki gwada yanka murabba'in gida biyu ta kusurwa, rabi haske rabi duhu, ki ga abin da zai fito.

Uwar Biyu: Mai tuta fa, me ya ce?

Maman Ikram (Pantami): Bai ce komai ba. Shekaranjiya da asuba na je tashin yara na tarar da su a dunƙule cikin tsohon bargon, sabon kuma babu shi. Ya dawo daga masallaci na gan shi a kafaɗarsa. Hamma don Allah a ci gaba da tara min, ruwan toka wannan karon in akwai.